Katin Carki

A wani daji da ke bayan duwatsu, an yi shekarar da kowa ya kamu da son kati. Gwaggon Biri ne ya kawo abin, bayan ya yi damina a gefen gari yana leƙen mutane. Ya miƙe a majalisa ya ce, "Jama'a, na ga yadda masu ci gaba ke yi. Ba a zuwa neman aiki da baki kawai. Ɗan kati ake miƙawa, da suna da sana'a a jiki, shi zai yi magana kafin mai shi ya buɗe baki. Mu ma mu daina zaman ƙauyanci." Aka tafa, har da waɗanda ba su ji farkon maganar ba.

Carki, 'yar tsuntsuwar da ke cire wa Ɓauna kaska, ta ji abin ya ba ta sha'awa ƙwarai. Tun tana ƙarama a bayan Ɓauna take ci, shi ya huta da ƙaiƙayi, ita ta ƙoshi, ba ta kuma da wani abincin sai wannan. Amma ba ta taɓa ganin kanta a rubuce ba, tana so ta ga yadda za ta fito.

Sai ta tafi wurin Beguwa, wadda ke rubuta kati da ƙayarta a kan busasshen ganyen gamji.

"Me za a sa, ƙanwata?" in ji Beguwa.

"Carki, mai cire kaska."

Beguwa ta ajiye ƙayar. "Kaska? A kan kati? Kin ga na Ungulu kuwa? Babban Jami'in Tsaftar Muhalli. Kura ma Mai Binciken Ƙashi ta sa. Ki faɗa mini, wa kike yi wa aiki?"

"Ɓauna, Yaya. Wani lokaci Raƙumin Dawa."

"Manya ke nan. A ina kaskar take zama?"

"A fata."

"Ke kaɗai kike yi?"

"Ni kaɗai."

"To ai ke ce shugaba."

Carki ta leƙa tana kallon ƙaya na tafiya, mamaki ya cika ta yadda kowace amsa ke kumbura da ta taɓa ganye. Da aka gama, ga abin da ya fito: Shugabar Cibiyar Kula da Lafiyar Fatar Manya. Aka ja jan layi a ƙasa don ya dace da launin bakinta. Ta nemi ƙarya a ciki ta rasa, ta kuma nemi kanta, nan ma ba ta tabbata ta gani ba. Duk da haka ta ji daɗi har cikin ranta.

Da hantsi ta sami Ɓauna a bakin tafki yana goga wuya da kututture. Da can sai dai ya ce, "'Yar nan, hau mana." Yau ta sauka a gabansa ta miƙa kati. Ya sa Gwaggon Biri, da ke gefe, ya karanta masa, ya ce a sake.

Ɓauna ya gyara tsayuwa. "Ranki ya daɗe, ashe haka kike, muna ta ɗora ki a baya kamar wata 'yar aike? A gafarce mu, rashin sani ne. Ni dai 'yar kaska ce ke damuna, ba abin da za a tayar da shugaba a kansa ba ne. In kina da wata ƙaramar ma'aikaciya, a turo mini ita."

Carki ta buɗe baki za ta ce ita ce dai ta jiya. Ga wata ƙatuwar kaska a bayan kunnensa, ta cika taf, ga yunwa na cin Carki. Amma Gwaggon Biri na tsaye, Ungulu na kan reshe yana saurare, katin kuma yana gaban kowa da jan layinsa. Kunya ta riƙe mata harshe.

"Za mu duba," ta ce.

Haka aka ci gaba. Kullum sukan haɗu a bakin tafki su gaisa cikin girmamawa, ya tambayi labarin cibiya, ta ce ana kan shiri. Shi yana ta goga jiki da itace har fata ta soma ɗayewa, ita tana ramewa a kan reshe, katin a ƙarƙashin fiffike.

A duk dajin, kaska ce kaɗai ba ta yi kati ba a shekarar, kuma masu lura sun ce ta yi kyau sosai.