Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar Injiniya

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, Injiniya mai kula da na'urorin asibitin yara yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Alhamis da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiyar mai haƙuri ce, Allah ya sani. Ba ta taɓa neman komai ba sai marafan kwalba huɗu da ake ɗora ta a kai don ta sha iska. Batirinta ya mutu tun tuni, haruffa biyu sun zube daga allon rubutunta, amma ko sau ɗaya ba ta ba shi kunya ba. A cikinta ya gina manhajar da ke tuna wa nas-nas ranar allurar kowane yaro, kuma a cikinta sunayen yara dubu biyu suke kwance. Manhajar mummuna ce, kowa ya shaida, rubutu ƙanana kamar tururuwa, amma tana aiki.

Ciwon ajali ya soma ne ranar da Babbar Nas ta ce idonta ya gaji. Shi kuma gogan, babu wanda ya matsa masa, ya yi alkawarin sabuwar fuska ranar Litinin, da manyan haruffa da maɓallai masu launi. Ya samo wani tsari na zamani da ake gina fuskar manhaja da shi, wanda mai koyarwa a bidiyo ya rantse minti biyar ya isa a fara. Minti biyar! Tsarin ya nemi wani kaya, kayan ya kira ƙanensa, ƙanen ya zo da dangi kaf. Wuri ya ƙare. Sai Injiniya ya jawo filashinsa, inda kwafin komai yake, ya share shi tas ya sauke baƙin a ciki, wai da yamma zai mayar. Ya kuma ɗauke Gwaggo daga kan marafanta ya aza ta kan matashin kujera, don ya ji daɗin bin darasin.

Ta yi iya yinta. Ta buɗe masa taga ɗaya fara fat, da maɓalli guda a tsakiya. Fankarta ta ce fuuu, ta ce ƙiii, ta yi ƙit. Ya hura mata iska da baki, ya yi mata fifita da katin wani jariri, ya roƙe ta. Ina!

Ta rasu ta bar caja ɗaya naɗe da salatif, da marafa huɗu, da filashi cike da baƙin da suka kashe ta, da Injiniya. Tsoro yake ji, ba ya ɓoyewa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma a rumfar mai gyara da ke ƙarƙashin bene, inda za a buɗe ta a ga ko ma'ajiyar bayananta na da sauran numfashi. Mai gyaran dai ya shinshina ta ya girgiza kai. Ana roƙon masu ta'aziyya, don girman Allah, kada kowa ya tambayi kwafi. Zaman makoki ranar Litinin ne a barandar asibiti, inda za a sami Injiniya da biro da littafi, yana tambayar iyaye mata ɗaya bayan ɗaya allura ta nawa aka yi wa ɗansu.