Takarda Mai Tabon Toka

"Lafiya lau, sai zafin wutarki," in ji Ƙonau, bai ko juyo daga bakin tanda ba. "Yau baiwa ce ta sauko gaida ubangidanta?"

"Ubangidan da ke sa hannu a rajistata kowace safiya," ta ce.

Ita ce mai gidan burodin, shi kuma mai gasa mata burodi ne shekara goma sha ɗaya. Ɗan kawunta ne, taubashinta, tun suna yara ba wanda ya taɓa jin kalma mai daɗi daga bakin ɗaya. Makon jiya ta raba wa ma'aikata takardu, kowa ya rubuta ko yana jin daɗin aikinsa, ba sai ya sa suna ba. Takwas suka dawo da godiya. Ta tara ta dawo da tabon toka na babban yatsa, daidai lokacin da ake raɗe-raɗin cewa sabon gidan burodin tsallaken titi yana zawarcin Ƙonau. Ta san in ya tsallaka, ɗanɗanon burodinta da masu sayensa za su bi shi.

"Wani ya rubuto min wasiƙa."

"Ai kin ce ba suna."

"Ba suna, amma akwai yatsa. Duk gidan nan wa ke da yatsa kamar muciya?"

"Ban san zancen ba. Amma ko wane ne, Allah ya yi masa albarka, da ganin rubutun akwai hankali."

"Yaushe ka ga rubutun? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

Ta warware takardar ta karanta masa. Marubucin ya ce ya gamsu da fanka, ya gamsu da ranar hutu. Sai dai a gidan nan ana yi wa mai kwaɓi sannu, ana yi wa direba sannu, har kyanwar sito an taɓa yaba mata da ta kama ɓera. Mai gashi kuwa ladarsa a laƙaba masa suna Ƙonau.

"To ƙarya aka yi maka? Ba ka ƙona ba?"

"Tire ɗaya, a makona na farko. Shi ma ke kika tsare ni da surutu. Laifi tudu ne."

"Har yau ina jin ƙaurinsa."

"Na tsallake sun ce hannuna zinariya ne."

"Sun ga hannun, ba su ji bakin ba. Kwana uku za su dawo min da kai a baro, har da ban haƙuri."

"Yabon gwani dai ya zama dole."

"Kawo gwanin in yaba."

Ƙonau ya juya, ya zura doguwar sandarsa ya jawo tire, ya jera burodi a kan katako. A nan idonta ya kai ga ƙusar jikin bango. Tsohon rediyonsa mai ɗaure da roba, wanda ke rataye a wurin tun ranar da ya fara aiki, babu shi. Tsoro ya kama ta sosai. Ashe mutumin ya fara kwashe kayansa, ita tana nan tana wasa.

Ta ɗauki burodi ɗaya da zafinsa ta gutsura, ta tauna a gaban mai kwaɓi da direba da duk wanda ke wurin. Sannan ta ce, a fili, duk garin nan ba mai hannunsa, kuma gidan nan a kan tandarsa yake tsaye. Ta ƙara da sannu da aiki.

Ƙonau ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ke, lafiyarki? Daina, mutane na kallo."

"Kai ka ce a yaba."

"Na ce a yaba, ban ce a yi min ta'aziyya da raina ba."

"Rediyon fa?"

Ya goge hannu a jikin riga, ya dubi ƙusar. "Gobe zai dawo. Da ma can tsallaken ba su da ƙusa mai kyau."

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya zaɓo wani burodin daga tsakiyar tire ya miƙa mata.

"Ungo wannan, baiwa. Wancan da kika yaba gindinsa ya ƙone."

"Na ji tun lomar farko," ta ce, ta karɓa.