Ranar da Shafin Alhaji Ya Manta da Alhaji

Ni na haɗa wa Alhaji Bala, mai injin casar shinkafa a Kura, shafin intanet. Injin bincike ya ƙi nuna shafin, saboda wata doguwar lamba a wutsiyar adireshinsa. Na gyara hula na ce, "Alhaji, wannan ai shara ce." Na datse ta kakaf.

Ashe da ita shafin ke gane mai shigowa. Alhaji ya tara dillalan Bunkure zai burge su, amma duk inda ya danna, sai shafin ya tambayi sunansa.

"Ɗan nan, shafin nawa ne bai san ni ba?"

Dillalai har da riƙe ciki. Har yau, ko alwala na fita na dawo, ma'aikatan Alhaji sai sun tare ni: "Sannu baƙo, sunanka?"