Yadda Za Ki Faɗa Wa Waya Damuwarki Ba Tare Da Kin Faɗi Komai Ba

'Yar'uwa, in an auna ki a asibiti aka ce jininki ya hau, nas ta karɓi wayarki ta nuna miki inda za ki danna, ta ce kullum ki ɗauki muryarki ki amayar da abin da ke ranki, kada hankalinki ya tashi. Ki bi matakan nan nawa. Na ba ki tabbaci, da yardar Allah za ki cika waya fam da surutu ba ki furta damuwa ko ɗaya ba, sunanki na mai haƙuri yana nan daram.

Maƙwabciyata Mai Kitso ce ta fara gwada su. Ita an ce mata in jinin bai sauka ba zuwa awo na gaba, gado za a ba ta, shago kuwa sai kwaɗo.

1. Ki musa tun daga asibiti

Nas ta ce wa Mai Kitso, "Mama, me ke damunki?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi."

"Mai lafiya lau ce aka riƙo har ƙofar nan?"

"Ɗan jiri ne, 'yar nan. Shi ma da sauƙi."

Kin ji mace. Alhali duk layinmu an san tunda Autanta ya samu aiki a nesa ya tafi, har yau da rabonsa take dafa abinci. In ya bugo waya kuwa, sai ta ce, "Lafiya lau, je ka yi aikinka," ta katse, don kada a ce ta hana yaro neman na kansa.

2. Ki nemi wuri mai hayaniya

Ɗaki shiru haɗari ne, tunani yana shigowa ba sallama. Mai Kitso a shago take ɗaukar tata muryar: kan wata a cinyarta, kibiya a hannu, mataji a baki, mai walda yana ta ƙara a maƙwabta. Ko da gaskiya ta suɓuce miki, inji zai rufa miki asiri.

3. Ki fara da gaisuwa, kada ki yi rowarta

Waya ma baƙuwa ce, ba a faɗa mata magana gatsau. "Salamu alaikum. Ina kwana? Ya gajiya? Ya caji? Ya muka ji da zafi?" Ki bi da addu'a ga iyaye, da malamai, da marasa lafiya na gida da na asibiti. Kafin ki shafa, ruwan da kika ɗora ya tafasa. Sai ki kashe. Kin yi na yau.

4. In dole sai an faɗi damuwa, ki ari ta wasu

Mai kitso ba ta rasa wannan, don duk wadda ta ɗora kai a cinyarta sai ta sauke mata kaya. Sai ta riƙa ba wa waya labarin munsharin mijin matar direba, da surukar tela mai leƙa tukunya. Damuwar mutane daɗin faɗa gare ta, kuma ba ta sa hawaye.

5. Kada ki kuskura ki yi shiru

To nan ta ba ni kunya. Wata safiya aka tashi da ruwan sama, ba mai zuwa kitso, wuta ta ɗauke, mai walda ya rufe. Ta gama gaisuwarta tsaf, sai ta tsaya jiran amsa.

Kin san mutum ɗan albarka ne. Kina cewa "Wallahi kwanan nan..." zai tare ki da "Sai haƙuri," ki ce "Haka ne," magana ta mutu kowa ya huta. Ita waya ba ta da wannan tarbiyya. Ta zuba mata ido kawai, jan ɗigon nan na ɗaukar murya yana ƙiftawa.

Mai Kitso ta gyara ɗankwali. Ta dubi bencin da Auta yake zama yana tsokanar masu kitso. Sai ji ta yi bakinta ya ce, "Gidan nan ya yi mini girma." Daga nan ba birki. Har takalminsa da ta ƙi ɗaukewa daga bakin ƙofa sai da ta faɗa, tana sharar hanci da tawul ɗin shago.

6. Abin da kika ɗauka, kada ki saurara

Ita kuwa ta danna. Ta ji wata baiwar Allah tana kuka a waya, sai halin sana'a ya motsa. Ta dafa ƙirji ta ce, "Ke kuwa wace irin mace ce? Ɗanki ne fa, ba aro kika yi ba! Kira shi mana!"

Duk layin nan ba mai tsallake shawarar Mai Kitso. Ashe har ita, don nan take ta kira Auta.

"Umma? Ke kika kira? Lafiya?"

"Lafiya lau." Sai ta kama bakinta. "Astagfirullah, ƙarya nake. Kewarka ce za ta kashe ni, ɗan banza."

"Haba Umma! Ni fa na ɗauka fushi kike don na tafi. Kullum sai ki katse ni!"

"To yau ka shirya, sai kunnenka ya yi zafi."

Ranar awo nas ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Mama, me kika sha?" Gado dai wata aka ba wa. Shago yana buɗe, amma sunan mai haƙuri ya tafi. Yanzu in kin ce mata ya gida, sai ta gaya miki! Wai har malamarmu ta Islamiyya ta ce mata faɗin abin da ke rai ba butulci ba ne ga Allah.

Ni dai na fita haƙƙinki. In kin tsallake mataki kika wayi gari kina barci kamar jaririya, kina dariya har da ƙyaƙyatawa, 'ya'yanki sun dame ki da kira, babu hannuna, kada a zo mini ƙofa. Maganin da likita ya ba ki kuma ki sha abinki, ban hana ba. Tawa wayar ma da na gaishe ta ɗazu ta yi shiru tana kallona, kife ta na yi a ƙarƙashin filo. Na san halinta.