Rasuwar Kwamfutar da Tela Ya Ɗinka wa Riga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, tsohon telan da shagonsa ke jikin na mai gyaran keke yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da 'Yar Kore. Ta cika ranar Laraba da hantsi a kan teburin yanka, tana sanye da sabbin kaya.

Marigayiya ba a kanti aka saye ta ba. Ta shigo shagon tana koren allon lantarki fayau cikin leda, tare da ƙullin ƙananan kaya da takardar da ta ce ko ɗan koyo zai iya haɗawa. 'Yar tela ce ta kawo ta, wadda yake kira Injiniya, da farko don gatse, daga baya don alfahari. Tun da ta ƙi gadon keken ɗinki ta tafi koyon aikin lantarki, hirar uba da 'ya ba ta wuce "ina kwana" da "lafiya lau" ba. Allon nan ne ya buɗe musu baki. Duk Asabar Injiniya takan zo ta riƙe masa wayar lantarki, shi kuma ya ɗiga dalma, ya ƙone yatsa, yana cika baki wai hannun da ya saba da allura ba ya rawa. Hannun kuwa rawa yake.

Marigayiya irin ta dā ce. Ba ta san hoto ba, ba ta san intanet ba, don haka ba a taɓa kama ta da gulma ba. In an kunna ta sai ta ce "tiit" cikin ladabi, ta fito da fararen haruffa a tsohuwar talabijin, ta tsaya jiran umarni. Ga biyayya: tela ya taɓa shafe yamma guda yana koya mata rubuta sunansa, da ta iya sai ta cika talabijin da shi, ta ƙi dainawa har sai da aka zare mata wuta. Ga karɓar baƙi: a jikinta akwai gurabe da ake soka ƙarin kati, wannan ya ba ta murya, wancan ya ƙara mata ƙwaƙwalwa. Kowane kati yakan ci Asabar da dama kafin ya zauna. Shi ya sa da tela ya ga gurbi ɗaya ya rage, sai ya riƙa cewa a dakata, gaggawa aikin shaiɗan. Gaskiyar magana tsoro yake a gama, Injiniya ta rasa abin da zai kawo ta.

Ciwon ajalinta kunya ce, amma ta mai ita. Wayoyinta duk a waje suke, har wata mai kawo ɗinki ta ce, "Maigida, kai da kake suturta gari, taka 'yar a tsirara?" Maganar ta soke shi. Injiniya dai ta sha ja masa kunne: "Baba, don Allah kada ka rufe ta. Zafi take yi, iska take so." Shi kuma ya ce "to", irin "to" ɗin da yake ce wa masu kaya in sun tambaya ko gobe za a gama.

Ya auna marigayiya da tef. Ya yanko karan-miski, ya sa shafi, ya sa soso, ya kafa zif, riga ta zauna cif-cif ko allura ba ta samun hanya. Tun da yake sana'a bai taɓa ɗinki mai kyawun wannan ba. Ya kira mai gyaran keke ya zo ya gani, ya kunna. Baiwar Allah ta ce "tiit" kamar kullum, ta daure iya daurewa. Can sai aka ji "tiiiii" mai tsawo, sannan "fus", hayaƙi ya fito ta wuyan riga. Zif ya cije. Shaidu sun tabbatar cewa kafin tela ya tuna da zare wuta, sai da ya fara kakkaɓe karan-miskin kada ya ƙone.

Ta rasu ta bar tsohuwar talabijin, wadda yanzu ba ta nuna komai sai yayyafi, da ƙarfen liƙin dalma, da katuna marayu, da gurbi ɗaya da bai taɓa ganin baƙo ba. Ta bar matar tela, wadda ta ce Allah ya kyauta, sannan ta tambaya ko ƙyallen zai yi rigar matashi. Ta kuma bar Injiniya. Da tela ya gaya mata a waya, sai ta ce, "Riga, Baba?" ta kashe. Tun daga ranar ba ta ƙara ɗauka ba, wannan kuwa ya fi hayaƙin ci wa tela rai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a shago, a lokacin da aka saba kunna ƙarfen liƙi. Masu niyyar kawo likkafani su huta, marigayiya da nata ta tafi. Ba za a taɓa gawa ba sai babbar mai makoki ta iso. Duk wanda ya gan ta ya gaya mata ba a ce sai ta yafe ba. In faɗa za ta yi, ta zo ta yi shi a shago. Tela ya yi alkawarin ba zai ce uffan ba, kuma in faɗan bai ƙare ba a ranar, ana iya ci gaba Asabar ta sama.