Rasuwar Modul ɗin Motar Alhaji Mohaman Bello

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta huce ba, Alhaji Mohaman Bello na unguwar Briqueterie yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar modul ɗin motarsa, ɗan abin nan da ke zaune a cikin delko, kwanon raba wutar injin, yana aika wa buji, wato fulogi, wuta.

Marigayin bai fi akwatin ashana girma ba. Shi ke tayar da motar kowace safiya tun kafin Awwal, babban ɗan gidan, ya yi gemu. Bai sha mai ba, bai sha ruwa ba. Abu ɗaya ya nema a duniya: farin man nan mai kauri da ake shafa masa a ƙasa, mai kwashe zafinsa ya miƙa wa jikin delko. Alhaji bai taɓa hana shi ba.

Ciwon ajali ya fara ranar da Awwal ya wanke injin ba da izini ba, don wani mai sayen tsofaffin motoci na Cité Verte ya gan shi yana walƙiya. Babu wanda ya ce motar ta sayarwa ce. Awwal ya kwance modul, ya ga farin man, ya ce datti ne. Ya goge shi tas da tsumma, ya mayar da bawan Allah a bushe.

Marigayin ya yi haƙuri. Da sanyin safiya yakan tashi. Rana na yi, sai ya suma a cunkoson Mokolo, a jira ya huce ya farfaɗo. Awwal ya ce tsufa ne.

Ranar Juma'a, a hawan Tsinga, Malam Shamsuddin na zaune a gaba za a kai shi masallaci kamar kullum, marigayin ya cika. Aka murɗa makulli. "Kir-kir-kir." Ba a ji "burum" ba. Malam ya ƙarasa a bayan moto, wato babur, yana dafe da rawani. Alhaji ya ƙarasa a ƙafa. Bai taɓa hawa moto ba, kuma ba zai fara ba.

Habu makanike ya duba gawar, ya ce zafi ne ya dafa ta.

Marigayin ya bar delko cikin takaba, da bobin mai ƙara ƙarfin wuta, da buji huɗu marayu, da batir wanda kuka ya ƙarar. Ya bar motar kanta, wadda lafiyarta ƙalau. A maimaita wa Awwal wannan.

Za a yi jana'iza gobe bayan La'asar a garejin Habu, inda za a ɗaura magajinsa a kan farin mai, a gaban shaidu. Garejin yana kan tudu. Alhaji zai riƙe sitiyari, Awwal zai tura. Kada kowa ya taimaka.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Mutumin Cité Verte kuwa sai dai ya yi tasa daga can.