Takardun da Na Manne Cikin Leda

Mai yiwuwa lokaci ya gauraya mini wasu abubuwa, amma ga yadda nake jin abin ya faru.

Shekarar da na nemi burs, wato tallafin binciken digiri na biyu, a kan cutar shanu na so in yi aiki. Damina ce a Sokodé, inda nake zaune, ni kuwa ina tsoron ruwa ya jiƙa mini takardu. Sai na kai takardar haihuwata da digirina, na asali, aka manne su cikin leda da inji. Na yaba wa kaina ƙwarai.

Saura kwana biyu a rufe karɓar takardu, na hau mota zuwa Dapaong, inda aka haife ni, don a buga wa kwafinsu hatimi a ofishin magajin gari. Duk hanya ina kallon kukoki suna wucewa, ina ganin kaina cikin farar riga, shanu sun jeru suna jiran Dakta.

Da layi ya zo kaina, na miƙa wa ma'aikaciyar ofishin takardun asalin don ta tantance, ta shafa ledar tana neman tudun tsohon hatimi. Ta ɗaga, ta juya.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan?"

"Ni ne, Hajiya. Saboda ruwa."

"To, ruwa bai shiga ba, yatsana ma bai shiga ba. Ba na sa hannu a kan abin da ban taɓa ba."

Haka burs ta wuce ni a shekarar. Har yau in na sauka gidan kawuna, matarsa kan tambaya ko a zubo mini tuwon a kwano ko a manne shi tukuna.

Waɗanda suke layi ranar, in na yi kuskure a wani wuri, don Allah su aiko mini da gyara.